Simuleshin na inji: wace kalma ce za ta ɗauke shi da Hausa?

Jama'a, ina neman taimakon masu Hausa da masu riƙe sifana. Kalma ɗaya ce, simuleshin, wato lissafa aikin inji a kwamfuta ba tare da an taɓa shi ba, ta tsaya min a wuya tun ranar Asabar, kuma ƙanena ne ya jawo.

Yana da Corolla ƙirar 2003, mai inji 1.8. Ya kai ta wani gareji nan cikin Jos aka canza mata salansa, aka sa mata babbar matatar iska, aka kankare top, wato murfin saman inji, kaɗan don matsi ya ƙaru. Sai ga shi ya shigo gida yana washe baki: "Yaya, yanzu fa hos 160 take." Na ce wa ya auna? Ya ce wani yaro mai laftof ne ya gwada ta a kwamfuta. An ɗora motar a kan wani abu? A'a. An ma tayar da ita? A'a, tana ajiye a bakin titi, lambobi kawai yaron ya yi ta shigarwa.

To, a nan matsalar take. "Ya gwada." Yaron bai gwada komai ba, amma ni ma da na buɗe baki zan faɗi abin da ya yi, sai na rasa kalma.

Bari in fara sauke masu sauƙin tukuna.

Hosfawa, wato "hos" ɗin da ƙanena ya ambata, ba ta buƙatar taron dangi: ƙarfin doki. James Watt, mutumin Sikotilan mai injin tururi, shi ya kafa wannan awo a ƙarshen ƙarni na 18, don masu sayen injinsa su gane dawakai nawa zai maye musu. Ya tsayar da shi a kan ɗaga nauyin fam 33,000 tsawon ƙafa ɗaya cikin minti ɗaya, wato kusan wat 746. Turawan Jamus da maƙwabtansu suna da nasu, ɗan ƙarami kaɗan, wat 735.5, shi ne PS da ake gani a takardun wasu motoci: ɗaga kilo 75 tsawon mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya. Wani ya ce min me ya sa ba za mu ce ƙarfin ingarma ba, ya fi daɗin ji. Ya fi daɗi kam, amma wannan mudu ne, ba kirari ba. A bar shi doki. Kuma mu ƙirga yadda muka saba ƙirga dabba: doki 130, ba "dawakai 130" ba.

Tok kuwa, direbobinmu suna cewa "ja". Motar nan tana da ja. Ina son kalmar, sai dai tana haɗa abu biyu a buhu ɗaya. Ni na fi karkata ga ƙarfin murɗa, domin shi ne ainihin abin: irin ƙarfin da kake sa wa sifana idan noti ya ƙi kwancewa. Ƙarfin doki kuma shi ne ƙarfin murɗa idan aka haɗa shi da saurin juyawar inji. A awon Amurka, ka ninka murɗa da juyi a minti, ka raba da 5252. Injin waccan Corolla daga kamfani yana ba da murɗa 125, a awon fam-ƙafa, a juyi 4,200. Buga ka gani: doki 100 ke nan a wannan juyin. Sai ka taka totur har juyi 6,000 kafin ka sami 130 ɗin da aka rubuta mata.

Yanzu ga uwar tafiyar.

Abin da yaron ya buɗe manhaja ce da ke gina inji a cikin lissafi. Akwai manya irin GT-Power da AVL Boost da kamfanonin ƙera motoci ke aiki da su, akwai ƙanana irin Engine Analyzer na masu sha'awar ƙara wa mota ƙarfi. Za ka ba ta faɗin silinda da nisan tafiyar fistin, a wannan inji milimita 79 da 91.5. Ka ba ta yawan matsi, wanda asalinsa 10 ne bisa 1. Ka faɗa mata lokacin da bawul ke buɗewa da rufewa, da tsayin buɗewarsa, da yawan iskar da top ke iya wucewa da ita, da tsawo da faɗin bututun hayaƙi. Ita kuma ta lissafa iskar da za ta shiga kowane silinda, man da za ta iya ƙonawa, matsin da zai sauka a kan fistin, ta cire abin da gugar ƙarfe da ƙarfe ke ci, sannan ta zana maka layi. Ba ta taɓa ganin motarka ba. Ba ta san ringi ya ci ba, ba ta san fulogi ɗaya na tsallake ba, ba ta san man da ka sha a gefen hanya ba. Abin da ka faɗa mata shi ta sani. Ka ba ta ƙarya, ta dafa maka ita da kyau ta miƙo maka a faranti.

Da na tambayi yaron ta waya ina ya samo yawan iskar da top ɗin ke wucewa da ita, sai ya ce wadda ya tarar a ciki ya bari. Shi ke nan fa.

Kalmomin da aka kawo min zuwa yanzu:

Gwaji. Na ƙi ta tun farko, kuma ita ce mafi haɗari, domin ita ce ta ruɗi ƙanena. Bahaushe idan ya ji an gwada, ya ɗauka an taɓa abin da hannu.

Hasashe da kintace da kirdado. Waɗannan sun yi wa manhajar rashin adalci ta ɗaya ɓangaren. Kintace shi ne ka dubi buhu ka ce zai yi mudu kaza. Manhajar nan ba haka take yi ba, lissafi ne na gaske a kan dokokin iska da zafi, kuma idan an ba ta sahihan lambobi tana zuwa kusa ƙwarai. Hasashe kuma mun riga mun ba masu yanayi da masu siyasa.

Kwaikwayo. Na san abin da za a ce: wasan kwaikwayo, dirama, dariya. Wani dattijon bakanike da na yi wa maganar a Dilimi, nan cikin Jos, ya kalle ni ya ce, "Ɗana, kana so in ce wa mai mota na yi wa injinsa kwaikwayo? Ai sai ya ce in mayar masa da kuɗinsa." Na yi dariya, na ce Baba gaskiyarka. Amma da na dawo gida na sake juya ta, sai na ga kalmar ta girmi dandamali. Yaro yana kwaikwayon tafiyar ubansa. Aku yana kwaikwayon magana. Ma'anarta ita ce yin abu kamar wani abu alhali ba shi ba ne, kuma wannan shi ne simuleshin ba ƙari ba ragi. Raunin da Baba ya gani ma ni a wurina ƙarfi ne: duk wanda ya ji "kwaikwayo" ya san ba a taɓa ƙarfe ba.

Saboda haka ga inda na tsaya. Aikin: kwaikwayon inji. Kayan aikin: manhajar kwaikwayon inji. Lambar da ta fito: ƙiyasi, ƙiyasin ƙarfin doki. Kalmar awo kuma mu killace ta, kada a ba kowa sai daino, wato na'urar da ake ɗaure mota a kan manyan gangunan ƙarfe masu juyawa, a taka ta har ƙarshe, ita kuma ta auna abin da tayoyi suka bayar. Ita sai mu kira ta ma'aunin ƙarfin inji. Ko a nan ma akwai tambaya: a ina aka auna? Lambar kamfani a bakin inji ake ɗaukar ta. Kafin ƙarfin ya bi ta giya da shaf ya kai taya, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ko fiye ya zube a hanya.

Mu mutanen Jos kuma muna da wani dalili na daban da zai sa mu rabe ƙiyasi da awo. Garin nan yana kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku. Nauyin iska a bakin teku kusan kilofaskal 101 ne, a nan bai wuce 88 ba. Inji numfashi yake yi, kuma iskarmu shara-shara ce. Ƙa'idar da makanikai suka daɗe suna riƙe da ita ita ce injin da ba shi da tabo, wato na'urar ɗura wa inji iska, yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari a kowane mita 300 da ya hau. Lissafa: kusan kashi 12. Dokin nan 130 na takarda, idan ya iso Terminus a tsakiyar Jos ya koma wajen 114. Duk direban da ya taso daga Akwanga da kaya ya kama Hawan Kibo ya san hawa ne ke cin motarsa, amma kaɗan ne suka san iskar ma tana ja da baya a lokaci guda. Mai tabo ba ya jin abin sosai, tunda shi ɗura wa injin iska ake yi. Manhajojin nan kuwa, in ba ka gyara musu ba, yanayi irin na bakin teku suke ɗauka. Wato yaron ya ƙiyasta wa ƙanena motar da ke Legas.

Saura ɗaya da ban gamsu da ita ba har yanzu: sunan injin da aka sauya wa kaya don ƙarin ƙarfi. Gyara na abin da ya lalace ne. Kwaskwarima ta fenti ce da fitilu. "An taɓa inji" kuwa kowa ya san zagi ne a bakin dillalan mota, farashi take karyawa. A yanzu ina cewa injin da aka yi wa ƙari, ko injin ƙari a taƙaice, amma bakina bai saba da ita ba. Wanda yake da wadda ta fi, musamman 'yan Apo, makanikan Abuja, da ke ganin irin waɗannan motoci fiye da mu, ya ajiye min a ƙasa.

Jiya na sa ƙanena ya koma wurin yaron, ya ce ya shigar da iskar Jos. Ya turo min hoton allon da daddare, 160 ta sauko 141. A ƙasan hoton ya rubuta: "Yaya, wannan ma ƙiyasi ne ko?" Na ce masa ƙwarai, kuma a bakin inji, ba a taya ba. Har yanzu bai ba ni amsa ba.