Wai rubuta manhaja kyauta bauta ce?

Dogo: Salam jama'a. Yau sai na faɗa ko da admin zai cire ni. Wannan zuga yara da kuke yi wai su je GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, su rubuta kod kyauta don a san su, wallahi bauta ce. Ku duba xz kawai, manhajar nan ta matse fayil, Lasse Collin ya yi shekara da shekaru yana riƙe da ita kusan shi kaɗai ba albashi, alhali da wuya ka samu sabar Linux da ba ta ciki, da ya gaji sai wani mai kiran kansa Jia Tan ya lallaɓo da sunan taimako har aka ba shi ragama, ya dasa ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse, a sigar 5.6.0 da 5.6.1. Ba don wani injiniya Andres Freund ya lura shiga sabar daga nesa ta SSH na ƙara ɗaukar kusan rabin daƙiƙa ba a Maris ɗin 2024, da tuni an shiga uku. Kamfanoni na kwasar biliyoyi, masu aikin ko na data ba a ba su.

Mai Ubuntu: Bauta kuma? Wa ya ɗaure shi? Bawa ai ba ya ajiye aiki ranar da ya ga dama

Ustaz: Malam Dogo ka gyara lafazi don Allah, bauta ta Allah ce shi kaɗai

Dogo: Haba Ustaz kai ma ka san ba waccan nake nufi ba

Kofa: To bautar ƙasa fa? Shekara guda nake koyarwa a ƙauye kuma bauta ake ce mata, ba wanda ya ce na yi saɓo

Mai Ubuntu: Ai kai ana ba ka alawi, ka ga ta nan ma maganarsa ta rushe

Kofa: Ta rushe ko ta ƙara ƙarfi? Ni da ake biya an ce bauta, ina ga wanda ba a biya

Ustaz: Sadaka ce mai gudana in an yi da niyya

Dogo: Sadaka ga IBM? Da ta sayi kamfanin Linux ɗin nan Red Hat dala biliyan 34 a 2019, nawa ta raba wa masu sadakar?

Mai Ubuntu: Red Hat ai tana biyan injiniyoyi su yi aiki a kan Linux, kuma akasarin masu rubuta kanel, wato zuciyar Linux, yau ma'aikatan kamfanoni ne. Ka je ka bincika

Dogo: Kawo hujja

Mai Ubuntu: Na gani a wani bidiyo, in na samu zan turo

Oga Windows: Ni dariya kuke ba ni. Shi Freund ɗin a ina yake aiki? Microsoft. Wato mu ne muka cece ku

Mai Ubuntu: Ku su wa? Kai da Windows ɗinka na kirak da aka ɗora maka a Farm Center? Freund ɗin a kan manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL yake aiki, a Debian, wani nau'in Linux, ya gano abin, kuma don kod ɗin a buɗe yake ya iya bin sawu. Ina kuke a Yulin 2024 da kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ya kwantar da kwamfutocin Windows miliyan 8.5 har jirage suka kasa tashi?

Oga Windows: Lasisina orijina ne yallaɓai, kuma wancan laifin CrowdStrike ne. Kai da firinta ta gagare ka ranar taron nan sai da ka ari laftof ɗina

Mai Ubuntu: Firintar ce tsohuwa

Hajiya Dev: Don Allah ku dawo kan magana. Abin da Dogo ya kawo gaskiya ne ko da kalmar ta yi zafi, lokacin matsalar tsaro ta Heartbleed a 2014 gudummawar da OpenSSL, manhajar ɓoye bayanai da aka samu matsalar a cikinta, ke samu ba ta wuce kusan dala 2,000 a shekara ba, ga matsalar tsaro ta manhajar Log4j a 2021 nan ma 'yan sa-kai aka bari da kwana ba barci. Tambayar ita ce wa zai biya masu kula da irin waɗannan

Kofa: Hajiya ni dai a fara amsa min, bauta ce ko ba bauta ba ce

Ustaz: Na riga na amsa

Oga Windows: Firintar sabuwa ce fil, ni na sayo ta

Admin: To ya isa haka, zan rufe. Taƙaitawa: an yi ittifaƙi cewa kalmar bauta kuskure ce kuma Malam Dogo ya kasa kare ta. An kuma tabbatar buɗe kod ne ya ceci duniya a batun xz, masu Windows ba su kawo komai ba. Hajiya ta yi batun kuɗi, sai wani lokaci. Masu son a ɗora musu Linux na Ubuntu ranar Asabar su zo da filash.

Dogo: Ittifaƙi da wa? Admin kai ma fa Ubuntu gare ka