Wace kalmar Hausa ce za ta ɗauki "balance" a besbol na fantasi?

Assalamu alaikum. Tun makon jiya nake fama da kalma ɗaya, kuma na ga gara in kawo ta gaban jama'a da in ci gaba da juya ta ni kaɗai. Wani ƙanena da ke karatu a Amurka ya shiga gasar besbol ta fantasi tare da abokansa, ya kira ni yana ƙorafin cewa ya ƙare kusa da na ƙarshe alhali babu wanda ya kai shi tara gwanayen bugu, kuma abokan sun ce abin da tawagarsa ta rasa shi ne "balance". Da ya tambaye ni yadda zai faɗi haka da Hausa sai na ce masa "daidaito", amma ina ajiye wayar na ji kalmar ba ta kwanta mini ba.

Dole in fara da yadda ake lissafin gasar, domin a can ma'anar take. A shekarar 1980 wani marubuci mai suna Daniel Okrent da abokansa suka kafa gasar da ake kira Rotisserie, sunan da suka aro daga gidan abincin La Rôtisserie Française na birnin Niyu Yok, inda suke haɗuwa. A tsarin da aka saba bi, kowane mutum yana da dala 260, da ita zai sayi 'yan wasa 23 na gaske a gwanjo, masu bugu 14 da masu jifa 9, sannan duk abin da suka yi a fili cikin wasanni 162 na kakar a rubuta masa. Da rukuni takwas aka fara auna tawagogi, wato nau'o'in bajinta da ake ƙirgawa, kamar yawan bugun da ya fitar da ƙwallo daga fili, yanzu an fi amfani da goma, biyar na bugu, biyar na jifa. A gasa mai tawaga 12, wadda ta zo ta ɗaya a rukuni tana samun maki 12, ta biyu 11, har zuwa ta ƙarshe mai maki 1.

Wanda ya saba da Fantasy Premier League, inda ake sayen 'yan wasa 15 da fam miliyan 100, ya lura da bambancin. A can duk maki tukunya ɗaya suke shiga, babu ruwan kowa da ko ɗan gaba ne ya kawo su ko mai tsaron raga. A nan kuwa tukwane goma ne, kuma idan ɗaya ta cika, abin da aka ƙara zuba ƙasa yake yi: wanda ya fi na biyu da bugu ɗaya na fitar da ƙwallo daga fili, da wanda ya fi shi da sittin, duk maki 12 ne ladansu. Tawagar da ta zo ta ɗaya a dukan rukunan bugu amma ta zo ta 11 a na jifa za ta tashi da maki 70, wadda kuwa ta zo ta huɗu a ko'ina, ba ta taɓa zama zakara a komai ba, za ta tashi da 90. Ramin da ƙanen nawa ya faɗa ke nan.

Aron kalmar yadda take ba zai yiwu ba, domin "balas" ta riga ta samu gida a kasuwa. Idan tela ya ce maka saura balas ɗinsa, cikon kuɗi yake nema, kuma duk wanda ya ji an ce tawaga ba ta da balas zai ɗauka aljihun mai ita ne ya bushe.

Matsalata da "daidaito" ita ce a Hausar jarida da rediyo ta yau ta fi karkata ga zama ɗaya, kamar yadda ake cewa daidaito tsakanin 'yan ƙasa a gaban shari'a. Mai karatu zai zaci dala 130 za a ba masu bugu, 130 masu jifa, alhali masu gasar sun saba kashe wajen kashi biyu bisa uku a kan masu bugu, kuma ba wanda ke ganin tawagarsu ta karkace saboda haka. Raba daidai wani abu ne daban, kuma a wannan wasa asara yake jawowa.

Wani malamina, Allah ya ƙara masa lafiya, ya ba ni shawarar "tsaka-tsaki", ya ce ita ce kalmar da iyayenmu suke yi wa yaro nasiha da ita a kan ci da kashe kuɗi da magana. Allah gafarta Malam, a kan zaman duniya ban isa in ja da kai ba, amma lissafin gasar bai yarda ba. Tawagar da ta tsaya tsakiya a kowane rukuni maki 65 za ta samu, ƙasa ma da waccan mai ɓari guda. Tsaka-tsaki rage gudu ne, abin da ake nema a nan kuwa shi ne a yi ƙarfi a ko'ina ba tare da an bar ɓaraka ba. "Mizani" ma na auna ta, sai dai faranti biyu gare shi, mu kuwa abu goma muke aunawa. "Raba ƙafa" ba ta ko kai ga zama ba, domin 'yan siyasa sun riga sun ɓata mata suna.

Wata 'yar'uwa ta kawo "daidaita sahu", kuma na yarda ta kusa ƙwarai, tun da liman kan ce a daidaita sahu a cike gurbi, wato kada wani ya yi gaba, kada a bar kafa. Sai dai tun zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau a Kano babur mai ƙafa uku ya ƙwace wannan suna, ba na kuma jin zai dawo da shi.

Abin da ya warware mini ƙullin a bakin rafi na gan shi tun ina yaro, wajen masu ɗiban yashi da jakuna. Mai jaki yana cika mangala, ya ja da baya ya dube ta, idan ɓangare ɗaya ya rinjaya ya sa hannu ya kwaso yashi ya mayar ɗaya ɓangaren. Ba a nan aikin ya ƙare ba, domin a hanya jaki zai yi tuntuɓe, jiƙaƙƙen yashi zai tsane, mangalar ta fara zamewa, sai ka ga mutumin ya sa kafaɗa ya tura ta yana tafiya. Ba wanda zai ce ya samu daidaito. Cewa ake yi yana daidaita kaya. Haka mai tawaga yake daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba: ɗan wasa ya ji rauni, mai rufe wasa, wato mai jifan da ake sakowa a ƙarshe domin ya kare nasarar da ke hannu, ya rasa gurbinsa, shi kuma ya kwashi abin da ya yi masa yawa a wani rukuni ya musanya da abin da ya rasa.

Saboda haka "daidaitawa" na zaɓa, sunan aiki, domin abin yi ne da ba ya ƙarewa, sannan a kira tawagar da aka yi wa haka "daidaitacciyar tawaga", kishiyarta kuma "karkatacciya". Na san za a ce "daidaitacciyar Hausa" tana nufin wadda aka yi wa ƙa'ida ɗaya, amma muna da wani misali da ya fi kusa, wato "daidaitaccen abinci" da ma'aikatan lafiya ke faɗa a asibiti. Babu uwar da ta ji haka ta zuba gishiri daidai da garin tuwo. Ta fahimci cewa kowane abu da gwargwadonsa, kuma kada a rasa ko ɗaya. Sifar tana hawa kan mutum ma: Shohei Ohtani na Los Angeles Dodgers, wanda a 2024 ya fitar da ƙwallo daga fili sau 54 kuma ya saci zango sau 59, wato ya ruga zuwa matsaya ta gaba a fili ba tare da jiran bugu ba, daidaitaccen ɗan wasa ne, domin shi kaɗai yana zuba wa tukwane da yawa.

Na gwada kalmar a kan rayuwa ta yau da kullum, inda Bature ke amfani da "balance" ɗin nan tsakanin aiki da gida, na ga ta zauna. Ɗan kasuwar da ke fita da asuba ya dawo yara sun yi barci ya zo na ɗaya a rukuni guda, kuma ribar da ya ƙara bayan bukata ta biya ba za ta cike masa gurbin zumunci ko na lafiya ba. Ba awa daidai ake nema ya raba ba. Abin da Salmanul Farisi ya gaya wa Abud Darda'i ne, cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, ransa ma haka, iyalinsa ma haka, ya ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Idan aka ce mutum yana daidaita aiki da iyali, Bahaushe zai gane ba tare da an ƙara masa bayani ba.

Abu ɗaya ya rage ban gama da shi ba. Akwai masu gasar da ke barin rukuni guda da gangan, galibi na rufe wasa, su karɓi maki 1 a can domin su zuba kuɗin a sauran tara, tun da ba a tauna taura biyu a lokaci guda. Ni "sallama rukuni" nake cewa a yanzu, ƙanen nawa kuma ya fi son "yafe rukuni", yana cewa sallamawa ta yi kama da wanda aka fi ƙarfi, alhali wannan da idonsa biyu ya zaɓa. Wanda yake da ta uku ya kawo ta.