A gyara tsohon lagireton hita, ko a sayi sabo?

Mai Tsohuwar Mota: Assalamu alaikum. Ina da magana, na kuma san wasu ba za su yarda ba: sabon lagireton hita (ƙaramin lagireton bayan dashbod da ruwan inji mai zafi ke bi don ɗumama cikin mota) da ake ƙerawa yanzu don tsofaffin motoci asarar kuɗi ne. Tawa ƙirar 1978 ce. Na asali, na jan ƙarfe da tagulla, ya haura shekara 40 kafin ya fara yoyo. Da farko wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi na riƙa ji, sai gilashin gaba ya soma yin hazo mai maiƙo wanda tsumma ba ya gogewa, da na ɗaga kafet kuwa na tarar da shi sharkaf. Na sayi sabo na alminiyom, kwana biyu cur ina kwance dashbod ina mayarwa. Bai cika wata 14 ba ya huje. Wallahi abin ya ci min rai.

Baba Mai Walda: Wa alaikumus salam. Ka faɗi gaskiya, ɗana. Ina fatan dai ba ka yar da tsohon ba. Na tagulla da dalma aka haɗa shi, dalma kuwa tana narkewa a sake ta. Sai a cire kawunan biyu, a wanke, in saƙar tsakiyar ta ruɓe a sa sabuwa, a mayar da kawunan da bakin bututunsa na asali. Zai koma gurbinsa kamar ba a taɓa cire shi ba. Na alminiyom mai kan roba fa? Ranar da ya tsage sai bola.

Makanike: Baba, a gafarce ni, a nan kam ban bi ku ba. Ba alminiyom ne mai laifi ba. Tun wajen shekarun 1980 masana'antun motoci suka riƙa komawa kansa, kuma motoci nawa ke yawo yau da nasu na asali bayan shekara 25? Ana cewa jan ƙarfe ya fi ɗaukar zafi, haka ne: a ma'aunin injiniyoyi yana kusan 400, alminiyom kusan 235. Amma bututun tagulla ne, ita kuwa ba ta wuce 120 ba, dalmar da ta haɗa su ma wajen 50 take. Zafin sai ya ratsa dalma kafin ya isa fikafikan, wato siraran ƙarafan da ke tsakanin bututun, waɗanda iska ke ratsawa. Na alminiyom kuwa a tanderu ake haɗe shi ya zama jiki guda. Matsalar ita ce kwali ɗaya, suna ɗaya, amma abin ciki daban. Akwai kamfanonin da su ne ke yi wa masu ƙera motoci tun asali, irin su Behr da Valeo da Denso. Akwai kuma marasa suna.

Mai Tsohuwar Mota: To ai nawa marar sunan ne, don shi kaɗai na samu. Nan gizo ke saƙar. Idan mota ta tsufa, manyan kamfanonin sun daina yin kayanta.

Makanike: Wannan na yarda. Shi ya sa nake cewa kada a jefar da tsohon sai an jera su a kan tebur. Ƙirga bututun kowanne. Na taɓa riƙe biyu a hannu, na mota ɗaya: sabon ya fi siranta da kusan faɗin yatsa, bututunsa sun gaza, bakin da tiyo ke shiga ya karkace kaɗan. Irin wannan ko bai yi yoyo ba, iskar fanka ta gefe za ta bi, hita ya riƙa ba ka ɗumi-ɗumi. Soson da ke zagaye da shi ma aiki yake, shi ke tilasta wa iska ratsa fikafikai. Sannan kafin a ɗaura, a toshe baki ɗaya, a hura iska daidai nauyin da ke rubuce a murfin lagireto, galibi kusan bar 1, a nutsa shi cikin ruwa. Kumfa ko ɗaya ta taso, a mayar wa mai shi.

Mai Lantarkin Mota: Malam, ina da tambaya. Da sabon ya huje, yaya hujin yake? Tsagewa ce a mahaɗa, ko ƙananan ramuka kamar an soka allura, da baƙi-baƙi a gefensu?

Mai Tsohuwar Mota: Ramuka ne ƙanana, guda uku, a jikin bututu.

Mai Lantarkin Mota: To kada ka yi saurin ɗora wa sabon laifi. Wayar as, wato wadda ke haɗa inji da jikin mota da nagetif na batir, idan ta saki ko ta yi tsatsa, wuta takan nemi hanya ta cikin ruwan inji, ta riƙa cin alminiyom daga ciki. Ka sa baƙar wayar mitar auna wuta a kan nagetif na batir, jar kuma ka tsoma ta cikin ruwan lagireto ba tare da ta taɓa ƙarfe ba, ka tada mota ka kunna fitilu da fanka. Idan ta haura volt 0.3, ko wane iri ka sa zai sake hujewa. Tsohon ruwa da ya yi tsami ma haka yake yi. Yaushe rabonka da wanke hanyar ruwan?

Mai Tsohuwar Mota: Gaskiya ban wanke ba. Tsohon ruwan na tara na mayar, na cika da na famfo.

Baba Mai Walda: Kun ga maganata ke nan. Na tagulla ya jure wannan sakacin shekara 40, sabon bai jure shekara biyu ba. Wanne ne mai inganci?

Hajiya Mai Volvo: Baba, ba kowa ke da mai gyara irinku a kusa ba, sana'ar tana ƙarewa. Tawa Volvo 240 ce, wadda aka ƙera daga 1974 zuwa 1993, kuma duk mai ita ya san isa ga hitarta aiki ne ja. Na sa sabo mai suna, ruwan sanyaya inji rabi, tataccen ruwa rabi, ina canzawa duk shekara biyu. Shekara shida ke nan ko ɗigo. Abu ɗaya nake roƙo: a guji garin toshe yoyo da ake zubawa a lagireto. Bututun hita sun fi na ko'ina ƙanƙanta, su yake fara toshewa.

Baba Mai Walda: A kan garin nan bakinmu ɗaya, Hajiya. Kuma ɗana, in za ka cire tiyo kada ka murɗa shi, tsaga shi da reza a tsaye. Murɗawa ke karya dalmar bakin bututu.

Mai Tsohuwar Mota: Tsohon yana nan a cikin kwali, Baba. Yanzu na haɗe tiyon biyu na kewaye hitar don mota ta motsa. Gobe zan auna ruwan da mita, in kawo muku lambar da ta nuna kafin in yanke shawarar wanda zan ɗaura.