Kwalta za ta iya tsayawa a madadin madaci?

Mai jirgi, Yawuri: Jama'a, tsadar madaci ta isa haka. Ni a ganina farin katako irin na rufin ɗaki, in an shafe shi da kwalta ciki da waje, ruwa ba zai taɓa shi ba. Me zai hana a haɗa jirgi sukutum da shi?

Dattijo maƙerin jirgi: Alhaji, Allah ya kiyaye. Ruwa ta ramin ƙusa yake shiga, da bakin haɗi, inda kwalta ba ta kaiwa. Farin katako ya sha ruwa ya kumbura, rana ta buge shi ya tsuke, ƙusa ta fara rawa a raminta. Ka ɗora masa inji kuma yana jijjiga shi daga nan har Malale. A bango na sama zan iya yi maka sassauci. Amma gindin jirgi, da haƙarƙarinsa, da allon da inji ke zama, madaci ko kawo ko loko. Kawo ma ya fi kwanta min, don da wuya ya motsa bayan ya bushe.

Masunci, Baga: Baba, ai kakanninmu da rimi da maje suka fafe kwalekwale.

Dattijo: Gaskiya ne ɗana, amma gungume guda ne, babu haɗi babu ƙusa. Kuma na rimi ba ya daɗewa.

Kafinta, Warra: Ni ban yarda sunan itace kaɗai ya isa ba. Madacin ma in ɗanye ne, ko an bar masa farin gefen nan na kusa da ɓawo, ruɓewa zai yi. Jan cikin ake so. Haƙarƙari kuma a nemo reshen da ya tanƙwara tun a bishiya. Wanda aka yanko lanƙwasarsa daga miƙaƙƙen katako a gwiwar yake karyewa. Mu da muka ga gawarwakin da aka yi ta tsamowa nan bayan jirgin ruwa ya nutse da fasinjoji a Mayun 2021 ba ma wasa da wannan.

Mai jirgi: Malam, wancan ai lodi aka ce ya yi yawa.

Kafinta: Haka aka ce, Alhaji. To wane jirgin kasuwa ne ba a cika wa lodi? Katakon ne zai ɗauka.

Masunci: Kirya fa? Ko gara ba ta cin ta.

Dattijo: Tana yin haƙarƙari, sai dai ka huda kafin ka buga ƙusa, in ba haka ba ƙusar ce za ta lanƙwashe. Alhaji, rage tsawon jirgin, kuɗinka zai kai madaci.