Neman shawara: "take off" ta rikita ni, ma'anarta nawa ne?

Mai tambaya, daga Kano:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin Turanci ku taimaka min. Ina aiki a wani shagon kayan sola, manajanmu ba ya jin Hausa, da Turanci muke magana. Makon jiya ya turo min saƙo: "You can take Friday off." Ni tun firamare abin da na sani, "take off" cirewa ce, kamar cire takalmi. Sai na ɗauka kuɗin ranar Juma'a zai cire daga albashina, na kwana ina laluben laifin da na yi. Ran Juma'a na yi sammako, sai ga shi yana tambayata me ya kawo ni. Ashe hutu ya ba ni. Jiya kuma na ji shi a waya yana murna yana cewa "sales have taken off." Ga ta jirgin sama can gefe. Bana zan zauna JAMB, Turanci kaɗai tambaya 60 ne, hankalina ya tashi. Haddace su zan yi ɗaya bayan ɗaya, ko akwai dabara?

Malamin Turanci a sakandare, Zariya:

Wa alaikumus salam. Ɗana, kwantar da hankalinka, abin da ya rikita ka kullum kana yin irinsa da Hausa. Dubi "ci". Ka ci tuwo, ka ci jarrabawa, ka ci bashi, ka ci kasuwa, wani ya ci amana, wani ya ci sarauta, wani ya ci mutuncin wani. Wa ya taɓa zaunar da kai ka haddace su? Abin da ya biyo bayan "ci" shi ke gaya maka wanne ake nufi. To haka Turawa ke yi da aikatau idan suka liƙa masa 'yar ƙaramar kalma irin off, up, out. Shi ne malamai ke kira phrasal verb.

Ga yadda nake koya wa ɗalibaina. Da ka ga "take off", fara tambaya: akwai abin da aka yi wa aikin, ko babu?

Idan babu, fassara ta da "tashi", da wuya ka kuskure. "The plane took off," jirgi ya tashi. "Sales have taken off," ciniki ya tashi, wato ya kankama nan da nan. Surar jirgin ce aka aro, shi ya sa ba a faɗinta ga abin da ke hawa a hankali. "He took off without a word," ya tashi ya yi gaba bagatatan, bai ce uffan ba. Wannan ta ukun ta hira ce, kar ka saka ta a wasiƙar neman aiki.

Idan kuwa akwai, to cirewa ce, sai ka duba me aka cire kuma daga ina. Riga daga jiki: "take off your shirt." Kuɗi daga farashi: "he took 500 naira off the price," ragi ke nan. Rana daga cikin ranakun aiki: ita ce taka. Ka ga ba ka yi nisa da gaskiya ba, cirewar ce. Juma'ar ce za ka cire daga aiki, ba kuɗinka za a cire ba. Kuma da ka lura da "you can", ai izini ne, kai ne mai cirewar.

Ɗan jami'a, Sakkwato:

Ni dai shawarata ka nemi jerin phrasal verbs ɗin nan da ke yawo a WhatsApp ka haddace goma kullum. Haka na yi na wuce.

Malamin Turanci, Zariya:

Haddar ba laifi ba ce, amma a haddace jimla sukutum, ba kalma da fassararta ba. Mai tambayar nan hadda ce ta kai shi shago ranar hutunsa: "take off" daidai take da cirewa, shi ke nan abin da aka ba shi.

Ma'aikaciyar jinya a Ingila:

Ƙanena, ni ma da na zo nan abin da ya fi ba ni wuya ke nan. A makaranta mun saba da remove, deduct, depart, amma mutanen nan a bakinsu ƙananan kalmomin suke amfani da su. A takarda za ka ga "remove", ma'aikaciya kuwa "take your coat off" za ta ce wa majinyaci. Idan aka ce "the doctor took him off the tablets," likita ya dakatar masa da maganin ne. "I'm off tomorrow" ko "my day off" kuwa kullum sai ka ji su, daga tushen maganar manajanka suke. Akwai kuma wadda ba za ka taɓa cankar ta ba sai an gaya maka: "she takes off the manager perfectly," tana kwaikwayon manaja ne don a yi dariya. Ta Birtaniya ce wannan.

Malama a kwalejin ilimi, Katsina:

Anti ta taɓo wani abu mai tushe. Kalmomi irin remove da depart ta Faransanci suka shigo Turanci, bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, deduct kuma daga Latin. Su suka zama na ofis da kotu, ƙananan suka zauna a bakin jama'a. Kuma kukan nan tsoho ne. Samuel Johnson, wani marubucin Ingila, a gabatarwar ƙamusunsa na Turanci na 1755, ya ce wannan haɗin shi ya fi wahalar da baƙi masu koyon harshen, har ya kawo "take off" cikin misalansa da ma'anar kwafa.

Abin da nake so in ja kunnenka a kai shi ne Turancinmu na gida. "Off your shoes" da "off the light" mun saba da su har ba ma jin komai, amma a jarrabawa kuskure ne. Takalmi "take off", fitila "turn off" ko "switch off". Kishiyoyin ma ka riƙe su: ta tufafi "put on", ta jirgi "land".

Wani daga Maraɗi:

Mu da muka yi boko da Faransanci abin ya fi yi mana nauyi, don can cire riga "enlever" ne, tashin jirgi "décoller", kowanne da kalmarsa. Amma su ma ciniki in ya kankama "décoller" suke cewa.

Mai kallon ƙwallo, Jos:

Ka riƙa sauraron masu sharhi. "He's been taken off," koci ya fitar da ɗan wasa ke nan.

Mai tambaya:

Allah Ya saka da alheri, wallahi kaina ya waye. Saura ɗaya Malam: na ga kun rubuta "take off your shirt", Anti kuma ta rubuta "take your coat off". Wanne ne daidai?

Malamin Turanci, Zariya:

Duka biyun. Idan suna ne, ka sa shi a tsakiya ko a ƙarshe. Idan wakilin suna ne irin it, them, him, dole tsakiya: "take it off", ba "take off it" ba. Masu shirya jarrabawa suna son wannan tarkon ƙwarai. Ranar hutu ma tsakiya take zama, "take two days off". In ka buɗe ƙamusun Oxford na ɗalibai za ka ga 'yar kibiya mai kai biyu tsakanin kalmomin, alamar ana iya raba su ke nan. In kuma ka gan ta a haɗe, "takeoff", ta zama suna, lokacin tashin jirgi. Rubuto jimla biyar da ita daga abubuwan shagonku, ka turo nan gobe in duba maka.