Autism da Hausa: anya galahanga ta isa?

Jama'a, kalma nake nema. Ɗan yayata shekararsa 3, kuma kwanan baya likita ya ce autism gare shi. Ta dawo gida ta rasa yadda za ta yi wa surukarta bayani. Da ma tsohuwa ta riga ta yanke hukunci: yaron miskili ne, in kuma ba haka ba to jinnu ne suka shafe shi.

Ga yadda yake. Ka kira sunansa sau biyar ba zai waiwayo ba, amma a buɗe ledar biskit a ɗaki na biyu sai ga shi a guje, don haka ba kurumta ba ce. Ba ya nuna abu da yatsa, abin da yawancin yara ke yi kafin wata 18. Marafan kwalba yake jerawa a bakin tabarma, ka gusar da ɗaya ka ga tashin hankali. In maƙwabta suka tayar da injin markaɗe, sai ya toshe kunnuwa ya shige bayan randa.

Na san za a ce min galahanga, don ita ake ji a rediyo. To amma ku lura: ranar 21 ga Maris a ce ranar masu galahanga, ana nufin Down syndrome, ranar 2 ga Afrilu ma a sake cewa galahanga, ana nufin autism. Abu biyu ne daban. Na farko daga ƙarin ƙwayar gado ta 21 yake, kuma sau da yawa ana gane shi a fuska tun ranar haihuwa. Na biyu babu alamarsa a fuska ko kaɗan, a mu'amala da magana yake fitowa. Ga shi kuma a bakin mutane galahanga ƙanwar zagi ce, layinsu ɗaya da gaula da dolo. Wace uwa ce za ta yarda ta kira ɗanta haka a gidan suna?

Asalin kalmar autism daga Girkanci ne, autos, wato kai, kamar a ce “shi da kansa”. Likitan Suwizalan Eugen Bleuler ne ya ƙirƙire ta a kan wani ciwon daban, sai a 1943 Leo Kanner ya ɗauke ta ya bayyana yara 11 da ya duba a Baltimore ta Amurka. Shi ya sa da na tambaya, wani malaminmu ya ce a yi “cutar kaɗaici”.

Allah gafarta Malam, ban gamsu ba. Kaɗaici na wanda ya rasa mutane ne, wannan yaro kuwa gida cike yake. Kuma kalmar cuta ita ce babbar damuwata. Da ka ce cuta, Bahaushe zai tambayi maganinta, daga nan sai hayaƙi da rubutu da yawon gidan masu magani, a ɓata shekarun da ya kamata a soma koya masa magana. Wasu ma su janye 'ya'yansu kada a ɗauka. Lalura ta fi dacewa.

Wata Hajiya mai koyar da yara ta kawo “lalurar keɓewa”. Ta fi kusa, na yi kwana biyu ina juya ta. Sai dai akwai masu autism da surutu ne aikinsu, su tsare ka da zancen motoci awa guda, wasu har jami'a sun gama. Waɗannan ba su keɓe ba, karanta fuskar mutum ne ke ba su wuya. Tun 2013 likitocin Amurka suka haɗa su duka ƙarƙashin suna ɗaya, daga wanda ba ya magana sam har zuwa irin waɗannan.

Ni dai na tsaya a kan aro: lalurar otizim. Mun karɓi taifod, mun karɓi kansa da asma, ba wanda ya ce Hausa ta ragu. Amfanin baƙuwar kalma shi ne ta zo hannu sake, ba ta ɗauke da zagi, dole mai ji ya tambaya.

Haka kuwa aka yi. Yaya ta ce, “Inna, otizim aka ce.” Tsohuwa ta yi shiru, ta dubi yaron yana jera marafansa, sannan ta ce, “Shi kuma mene ne wannan?” Sai ta gyara zama.