Ƙanena zai gurfana gaban majistare ranar Litinin: me doka ta ba shi a zaman farko?

Ɗan Kurna:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san harkar kotu. 'Yan sanda sun kama ƙanena ranar Laraba a kan wata waya da ya saya a hannun wani yaro, wadda daga baya aka ce ta sata ce, kuma har yanzu yana tsare a caji ofis. An ce ranar Litinin za a kai shi kotun majistare a nan Kano. Ɗaya daga cikin masu binciken ya ba mu shawara cewa idan aka karanta masa tuhuma ya amsa kawai, a ci shi tara, mu biya mu tafi gida, wai musu shi ke kai mutum gidan yari. Mahaifiyarmu ta karkata ga hakan saboda tana son ɗanta ya dawo, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Wane haƙƙi yake da shi a wannan zama na farko?

Lauya Mai Zaman Kansa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kawo mafita. Abin da ya fi komai nauyi a ranar shi ne amsar da ƙanenka zai bayar bayan an karanta masa takardar FIR, wato rahoton da 'yan sanda suka shigar da ƙara da shi. Idan ya ce ya aikata, alƙali yana iya yanke masa hukunci nan take ba tare da an kira shaida ko ɗaya ba, kuma babu ɗan sandan da ke da ikon yi muku alkawarin cewa tara ce za ta biyo baya, domin hukunci a hannun alƙali yake. Ko da tarar aka ci shi, ya zama wanda kotu ta taɓa samu da laifi, abin da zai iya tasowa gobe wajen neman aiki ko biza.

Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar, kuma mai gabatar da ƙara ne zai kawo hujja. Laifin karɓar kayan sata yana buƙatar a nuna cewa mutum ya san kayan na sata ne, ko yana da dalilin da zai sa ya yi zaton haka. Sayen waya kaɗai bai isa ba. Wannan sashen ya kuma ba shi damar a bayyana masa tuhumar da harshen da yake ji, a ba shi tafinta kyauta, a ba shi isasshen lokacin shirya kariya, ya kuma ɗauki lauyan da yake so. Ina roƙonka ka ja masa kunne a kan abu guda: mutanenmu da yawa, saboda kunya da ganin girman alƙali, sukan buɗe baki da "a yi mini sassauci, ranka ya daɗe", kuma ana iya ɗaukar wannan a matsayin amsa laifi. Idan bai aikata ba, ya ce bai aikata ba, sannan a nemi beli.

Tsohon Magatakardan Kotu:

Na yarda da Barista, sai dai ina ganin akwai abin da ya riga ya faru wanda ya kamata a ɗaga. Sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, kuma babu caji ofis a cikin birnin Kano da ya yi wannan nisa da kotu. Tsare shi daga Laraba zuwa Litinin ba tare da umarnin kotu ba abu ne da lauya zai iya gabatarwa. Haka kuma ku tambaye shi yadda aka ɗauki bayaninsa, ko an karanta masa da Hausa kafin ya sa hannu, ko an taɓa lafiyarsa. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta haramta duka don a tilasta mutum ya yi iƙirari, Dokar Shaida ta 2011 kuma ta hana kotu karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar matsi. Idan babu halin ɗaukar lauya, ku je ofishin Legal Aid Council tun kafin Litinin, aikinsu kyauta ne ga marasa ƙarfi.

Maman Khalifa:

Ɗan'uwa, ni abin da zan ƙara shi ne shirin beli, domin na taɓa tsaya wa ɗan yayata. Alƙali yana iya ba da beli da hantsi, amma mutum ya kwana a gidan gyaran hali saboda mai tsaya masa bai zo da takardu ba. Ku je da wanda zai tsaya masa, da katin shaidarsa na ɗan ƙasa, da ƙananan hotuna, da abin da ke nuna adireshin gidansa, domin a tamu shari'ar sai da ma'aikacin kotu ya bi ni har ƙofar gida ya gani da idonsa. A bakin kotu wani ya ce mini mace ba ta tsayawa beli, alhali dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta faɗa ƙarara cewa ba za a hana mutum tsayawa don kasancewarsa mace ba.

Ɗan Kurna:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaron da ya sayar masa da wayar ya rubuta masa rasit da lambarsa, kuma an yi cinikin a gaban mai shagon da ke kusa. Barista, mu kai rasit ɗin ga 'yan sanda yanzu, ko mu riƙe shi sai mun ga lauya?

Lauya Mai Zaman Kansa:

Ku riƙe na asalin, ku yi kwafinsa, ku kai wa lauyan gobe da safe tare da sunan mai shagon, shi zai san lokacin da ya dace a gabatar da su.